Funfuna a Huhun Baba

Baba ya fara tari ne bayan an gama kai amfanin gona gida. Ya kusa shekara sittin a lokacin, amma da kansa yake hawa dabinon lambunsa da ke gindin duwatsu a bayan garin Dutse. Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a firamare, gidana kuma layi biyu ne tsakaninsa da nasu a Yalwawa, don haka ni na kai shi asibiti da muka ga yana ta rama, gumi na jiƙa masa riga ko da sanyin safiya.

An gwada kakinsa sau biyu ba a ga komai ba. Ma'aikacin ya duba hoton ƙirji, ya ce alamun duk na tarin fuka ne, gara a fara magani. Wata shida Baba yana haɗiyar ƙwayoyi kowace safiya, bai taɓa tsallake rana ba. Inna ta ware masa kofi da kwano, aka mayar da shimfiɗarsa ɗakin soro. 'Yata mai shekara huɗu, wadda yake tsokana da amaryarsa, na hana ta shiga wurinsa. Takan tsaya daga bakin ƙofa, shi kuma ya ɗaga mata hannu.

Magani ya ƙare, tari bai ƙare ba. Har jini ya fara biyowa.

Maƙwabciyarsu nas ce, Kirista 'yar Filato, ta daɗe a unguwar har yaranta sun fi ta Hausa. Ta shigo gaishe shi, ta daɗe tana sauraren numfashinsa, sannan ta ja ni tsakar gida.

"Malama, kar ku yarda a sake maimaita masa maganin nan haka kawai," in ji ta. "Ku nemi takarda ku tafi Kano. Ban san abin da ke damunsa ba, amma na ga masu tarin fuka da yawa, wata shida sukan murmure."

A Kano aka saka shi a na'urar ɗaukar hoto. Likitan, wani mai sanyin magana, ya tambaye shi sana'arsa, ya tambayi irin takin da yake sakawa. Baba ya ce kashin jemage ne, duk shekara yakan shiga wani kogo a cikin duwatsu ya cika buhu uku ko huɗu. Na tuna yadda yake dawowa gemunsa fari fat yana atishawa, muna yi masa dariya.

Likitan ya juyo mana da hoton, ya nuna wasu ramuka a saman huhun dama.

"Baba, kun san funfunar da ke kama masara idan ta sha lema? Akwai irinta a ƙasa, musamman inda jemagu da tsuntsaye ke kashi. Idan an tona, mutum yakan shaƙe ta. Yawanci jiki ya ci ƙarfinta, wani kuma ta zauna masa a huhu. Ita nake zargi."

"Zargi, likita?" na ce.

"Gwajin da zai tabbatar da irinta ba ma yin sa a nan yanzu. Za mu fara magani mu gani. Zai kai shekara. Inda ya riga ya lalace kuma ba ya dawowa."

Baba bai tambaya ko zai warke ba. Ya ce, "Ana ɗauka daga wurina?"

"A'a. Ba a ɗaukar ta daga mutum."

Muka kamo hanyar Dutse. Da muka isa gida ya aika aka kira masa jikarsa. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa yadda na koya mata. Sai da na ɗauke ta na ɗora masa a cinya, ta zauna a takure tana kallona, kamar za a yi mata faɗa.

Maganin ya zama wata wahalar. Na zaga kemis-kemis na Dutse, in na ce maganin funfuna sai a miƙo mini man shafawa na ƙyasbi. Ƙanena direba ne a Garki, shi yake samo shi a Kano in ya kai lodi, wani lokacin ya dawo hannu rabbana a ce maganin ya yanke. Sau biyu Baba yana yin fiye da mako babu ƙwaya ko ɗaya, ina zaune ina jin ƙirjinsa yana ƙara.

Na je wurin abokan lambunsa uku da suke shiga kogon tare, na kai musu takunkumi, na gaya musu abin da likita ya ce. Suka saurare ni da mutunci. Babbansu ya ce shekara talatin yana shiga, ga shi ƙalau, ya ninke nasa ya saka a aljihu, ya ce in gaishe da mai jiki.

Baba ya yi wata goma sha ɗaya bayan dawowarmu daga Kano. Da fari yana zuwa masallaci yana hutawa a hanya, daga baya ya koma salla a zaune, sannan a kishingiɗe. Ranar ƙarshe Talata ce, na taso daga makaranta na same shi an jingina shi da filo, Inna tana yi masa fifita, nas ɗin tana riƙe da hannunsa. An aika neman mota. Ya dube ni ya ce in buɗe taga, iska ba ta shigowa. Tagar a buɗe take. Na je na taɓa ta, na ce na buɗe, Baba. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya rasu kafin motar ta iso.