Ƙusar Uwaisu Mai Feshi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Uwaisu mai feshi a gidansa da ke Likoro, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. Ina cikin lambu ina juya ganyen tumatir labarin ya iske ni. Na zauna a bakin magudanar ruwa, ban iya ko kuka ba. Bana sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir tun daga ganye har 'ya'ya, ta riga ta tsotse mana ƙarfi kafin mutuwarka, Uwaisu, ta zo ta ƙarasa.

Uwaisu, tare muka tashi, kuma tun da na fara noman rani na sayarwa kai kake yi mini feshi. Daga fadamar Kudan har gonakin masarar Saulawa babu manomin da bai san ka da famfo a baya ba. Ba ka feshi in iska na kaɗawa, ko mai gona zai yi birgima. In aka ce a ƙara magani don ya yi ƙarfi, sai ka ce tsutsa kake son kashewa ba masu cin miya ba. Amma ba da wannan za a fi tuna ka ba. Da ƙusarka za a tuna ka.

Ƙusa ce doguwa, ɗaure da igiya a jikin famfonka. Duk jarka ko kwalbar maganin ƙwari da ta ƙare, sai ka ɗauraye ta cikin famfon, ka huda mata gindi, sannan ka jefa ta rami. Jarkoki masu kyau, masu murfi, irin waɗanda mata ke so don ruwa da man gyaɗa. Ka sha zagi a kansu. Mai ɗakina Mukarrama ta taɓa tare ka a ƙofar gida ta ce, “Haba Malam Uwaisu, ai da toka da sabulu za mu wanke. Wannan ai baƙin ciki ne.” Ka yi murmushi ka ce, “Hajiya, gara ki zage ni da ki zo gaishe ni a asibiti da yara a hannu.” Sai daga baya ka gaya mini cewa farkon shigarka sana'ar ka taɓa ba wani maƙwabci jarka ɗaya kyauta, gidan gaba ɗaya suka kwanta, Allah dai Ya sa da sauran kwanansu. Tun daga ranar ba ka ƙara barin jarka ta fita hannunka da gindinta ba.

Da ka kwanta, feshi bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi. Kowa ya ruɗe, wannan magani yau, wancan gobe, sharon kuma ko gezau. Jarkoki suka taru a gefen lambuna, kuma ina lura da yadda suke raguwa ɗaya bayan ɗaya. Na san ba tsutsa ce ke kwashe su ba. Na yi magana a masallaci, Abraham maƙwabcin lambuna ya yi a cocinsu, aka ce mana to, aka ci gaba.

Ranar sadakar ukunka, muna zaune a ƙofar gidanka, aka kawo wa baƙi ruwa. Cikin kayan akwai wata jarka da aka kankare mata takarda tas, amma shekara nawa ina sayen irinta? Na tashi, na aika cikin gida wurin matarka Wasila a karɓo mini ƙusarka. Na tuttule ruwan a ƙasa, na huda jarkar a gaban kowa. Mai ita, wata baiwar Allah da ta zo taya aiki da zuciya ɗaya, ta leƙo daga zaure ta ce, “Kai Malam Gambo, wannan ai baƙin ciki ne.” A nan kukan da ya ƙi zuwa a lambu ya zo mini.

Ƙusar tana aljihuna yanzu, Wasila ta ce in riƙe. Gaskiya na gaji, Uwaisu. Gwiwoyina ba na zagaya fadama ba ne, kuma ban da haƙurinka na shan zagi da murmushi. Amma gobe in Allah Ya kai mu zan fara da lambun Abraham, ya ce zai riƙe mini jarkokin.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Duk yaron da ya sha ruwa lafiya saboda hujin da ka yi, Allah Ya kai ladan kabarinka. Ya ba Wasila da 'ya'yanku da dukkan mutanen Likoro haƙurin rashinka. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan, amin.