Kwalbar Mati da Geron Binne

A Unguwar Ɗinya, wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Watari, in ka ce kana neman Mati za a tambaye ka wanne, domin Mati uku ne a garin. Amma in ka ce Mati Mai Kwalba, ko tsohuwar da ba ta fita za ta kwatanta maka gidan, ta kuma yi dariya kafin ta gama kwatancen.

Kwalbar nan ba ta turare ba ce, ba ta magani ba. Ma'aunin zafi ne, siririn gilashi mai jan ruwa a ciki, liƙe a jikin katako mai lambobi. Shekara goma sha ɗaya Mati ya yi yana leburanci a wata gonar gwaji, aikinsa ya duba wannan abu ya gaya wa malamin gona inda jan ruwan ya tsaya. Tun a can ya buɗe littafinsa na kansa. Da aka rufe gonar aka watsar da komai, ya tsinci ma'aunin a cikin shara, ya kawo gida ya rataye a inuwar zaure. Kullum in an idar da azahar zai je ya ƙura masa ido, ya rubuta lamba, ya ƙara da ajami: yau hadari, yau yayyafi, yau babu komai. Mutanen gari kuwa sun sami abin nishaɗi. Wai sai kwalba ta gaya musu ana zafi, su da gumi ke bin gadon bayansu? Mati ba gwanin magana ba ne. In an tsokane shi sai ya haɗiye, ya koma ga littafinsa, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda suke zato.

A bazarar tamanin da huɗu aka yi wani zafi wanda ko tsofaffi sun daina cewa sun ga wanda ya fi shi. Kaji suka riƙa kwanciya gindin randa baki buɗe, ruwan randar kansa ya koma kamar an ɗora shi a murhu. Daminar bara ba ta ba da komai ba, rumbuna duk sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura. A gidan su Mati, inda yayansa Nababa ke maigida, mutum goma sha huɗu ne ke ci daga gandu ɗaya. Abin da ya rage musu na gero tiya huɗu ce kacal, an cuɗa ta da toka an liƙe a tulu. Iri ne. An ci garin rogo, an ci dusa, ba wanda ya taɓa tulun nan, domin in ya ƙare babu wani a bayansa.

Kwana tara a jere jan ruwan kwalba bai sauko ƙasa da arba'in da biyu ba. A rana ta tara, bayan la'asar, Nababa ya ce a gyara sungumi, jibi za a yi binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Gari duka abin da za a yi ke nan, don kowa ya san zafi shi ke kiran ruwa, kuma wanda ya riga shuka shi ke riga cin tumu.

Mati ya ɗauko littafinsa ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, a yi mini haƙuri, ina da magana. A saba'in da uku haka aka yi. Ga shi nan, kwana goma zafi bai sauko ba. Aka yi binne, ruwa ya zo ɗan kaɗan, gero ya tsiro, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin da huɗu. Ai ka tuna, da hannunka ka riƙa tsince busasshen tsiro. Mu jira ruwan da zai ratsa ƙasa kamu guda, sannan mu shuka."

"Na tuna saba'in da uku," in ji Nababa. "Na kuma tuna shekarar da Baba ya yi binne muka cika rumbu uku. Ita ba ta cikin takardar taka?"

"A shekarar muna da irin sakewa in an yi asara. Bana tulu ɗaya ne, Yaya."

"Ruwa na Allah ne, Mati, ba na kwalba ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Jibi in Allah ya kai mu."

Yaron da ake nufi shekararsa arba'in da shida, har furfura ta fara fito masa a gemu. Amma a gandu maganar maigida ita ce yankan wuƙa, kuma ƙane ba ya maimaita magana sau uku. Mati ya rufe littafinsa ya tashi.

Ranar binne Nababa na gaba yana sara da sungumi, Mati na biye da ƙoƙon iri, yana zubawa yana rufewa da dunduniya. A nan ya aikata abin da bai taɓa aikatawa ba tun da uwarsa ta haife shi. Maimakon cikin yatsu uku da aka saba zubawa a kowane rami, sai ya saki ƙwaya uku ko huɗu, ragowar ya zura a aljihun da ke cikin rigarsa. Yini biyu yana wannan sata, gabansa na faɗuwa duk sanda yayansa ya waiwayo. Da ya juye abin da ya tara, sai da ya cika tiya ɗaya.

Matarsa Kaltume ta dubi geron, ta dube shi.

"Malam, wannan fa daga ina?"

"Daga inda kike zato. Ki sa a tukunya ki rufe. Ko yunwa za ta kashe mu kada ki kai shi turmi."

Kwana biyar da binne hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa. Gari ya ɗau murna. Duk wanda ya wuce ƙofar zaure sai ya ɗaga murya: "Mai Kwalba, yau me kwalba ta ce?" Mati ya je gona ya tura yatsa a ƙasa. Danshi bai wuce gaɓa biyu ba, ƙarƙashi ƙura ce. Bai gaya wa kowa ba, don wa zai saurara? Gero ya tsiro kore shar, sannan sama ta washe, jan ruwa ya koma inda yake. Wallahi Mati ya roƙi Allah ya ƙaryata shi. Ya fi son a yi masa dariya har ya mutu da a ce littafinsa ya yi gaskiya. Amma kwana ashirin da ɗaya ko ɗigo ba a yi ba, tsiron ya yi ja, ya kwanta, iska ta kwashe.

Ruwan gaske ya zo ranar wata Talata da asuba, irin wanda ke cika kududdufi. Da gari ya waye ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu, ga ƙanshinta ko'ina, ga gari babu iri. Magidanta suka riƙa bin gida gida ko wani ya yi saura. Su bakwai suka taru a zauren Nababa, shi ma ba shi da abin ba su sai haƙuri.

A nan Mati ya yi kuskurensa, kuma ya san kuskure ne tun kafin ya kai ƙofa. Da ya jira suka watse, da ya kira yayansa cikin gida, da tiyar nan ta ishi rabin gandu in an yi tsimi. Amma a cikin zauren akwai bakunan da suka shekara da shekaru suna masa dariya, kuma zuciya ta ce masa bari su gani da idonsu. Ya ɗauko tukunyar ya dire a tsakiyar taro.

Mati ya buɗe murfin. Nababa ya sa hannu ya ji tokar da shi da kansa ya cuɗa.

"Ashe da ɓarawo muke kwana a gidan nan," in ji shi a hankali.

Daga nan ba wanda ya sake duban Mati, idon kowa yana kan tukunya. A ƙasar nan kuwa ana iya hana mutum tuwo, amma ba a hana maƙwabci iri ranar shuka, balle ya gan shi da idonsa a zaurenka. Nababa ya ce kowa ya miƙo hularsa. Ya riƙa ɗiba da tafin hannu yana zubawa. Kafin ya sallami na bakwai, labari ya kai masallaci, wasu biyar sun iso. Suna fita suna sa wa Nababa albarka, wai dattijo ke nan, mai hangen nesa, wanda bai binne irinsa duka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mati na tsaye jikin bango, haushin yayansa na cinsa, na mutanen gari na cinsa, nasa na kansa ya fi duka zafi.

Abin da ya rage a gindin tukunya suka ɗauka zuwa gona, su biyu. Gandun da ake yini biyu ana shuka shi, kafin hantsi ya dubi ludayi iri ya ƙare. Mati ya tsaya ya ƙirga layukan da suka samu, goma sha ɗaya, a gidan mutum goma sha huɗu. Gaba da su jiƙaƙƙiyar ƙasa ce shimfiɗe har gindin kuka, ba abin zuba mata.

Nababa ya saɓa sungumi a kafaɗa ya ce, "Allah ya sa albarka."

Akwai magana cike da bakin Mati, ta shekaru. Ya dubi ƙeyar yayansa, ya ce, "Amin, Yaya."