Malam Bato da ƙararrawar minti goma sha biyar

Kowace Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, Malam Bartholomew yakan jingine kekensa a gindin mangwaron da ke bayan majami'armu a Kafanchan, ya ciro ƙararrawar hannu daga jaka, ya kwance agogonsa ya ɗora a teburi. Malam Bato muke ce masa. Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da tarihi a kwalejin horar da malamai, bana ya yi ritaya. Aikin Asabar kuwa ba wanda ya sa shi. Tun 1988, duk ɗanmu mai karatun digiri na biyu a Zariya ko Jos, idan an kira shi taron masana ya gabatar da bincikensa, wurin Malam yake fara biyowa.

Yadda yake koyarwar ne ke ɗaure kai. Yakan tare matan zumuntar majami'a in sun gama koyon waƙa, ya raba musu aiki: wannan ta yi tari, waɗancan su yi hira, Mama Bernice ta yi gyangyaɗi. Ɗalibi ya tsaya gabansu ya yi magana minti goma sha biyar. Lokaci na cika, ko a tsakiyar kalma yake, sai ƙararrawa. Daga nan tambayoyi.

Yafet, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, bai san da wannan ba ranar da ya raka 'yarsa Selina wurin Malam a 1993. Abin da ya sani shi ne, yarinya ta shekara biyu tana bin tsofaffi da rikoda, ta rubuta tarihin matan garin Madakiya da suka yi dakon citta da itace zuwa tashar jirgi zamanin Turawa. Saura mako uku taron masana da aka kira ta a Jos, ta daina cin abinci. Ta taɓa daskarewa a gaban malamanta, an kuma gaya mata in ba za ta iya ba, wani zai karanta takardar a madadinta. Ita kuma ta rantse in aka yi haka, ta bar karatun ke nan.

Selina ta fara, ido a kan takarda, murya kamar mai addu'a. Tana shafi na huɗu cikin ashirin ƙararrawa ta kaɗa.

"Wa ya gaya miki duk wannan?" in ji Malam. "Hirar tsofaffi ita ce tarihi?"

Ta sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Malam."

Yafet ya miƙe. "Malam, wane laifi ta yi? In kotu za ta je, a faɗa mini."

"Ba kotu ba ce, Baban Selina."

"To jarrabawa?"

"A'a. Babu ci, babu faɗuwa."

"Za a ba ta aiki a wurin?"

"Babu aiki."

"To mutum ya shiga mota har Jos don a yi masa tsawa kawai?"

Mata suka fashe da dariya. Mama Bernice ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Zauna, Baba. Ni ma shekara biyar ina barci a nan, ban gane ba."

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ya koya mata sunkuyar da kai in babba yana magana?"

"Ni mana, da uwarta."

"Kun koya mata da kyau. Asabar ta ƙarshe kai ne farfesa."

A tsakani Malam ya sa ta rage shafi ashirin zuwa shida. Ya zana da'ira da alli a bangon baya, ya ce can za ta riƙa jefa murya. Ran nan aka zaunar da Yafet a gaba. Selina ta gama kafin ƙararrawa, aka ce farfesa ya yi tambaya. Bai san abin da farfesoshi ke tambaya ba, sai ya faɗi abin da ke ransa tun farko.

"Shekara talatin na yi a tasha. Ban taɓa ganin mace tana dako ba. Aikin maza ne."

Idon Selina ya koma ƙasa. Malam ya kai hannu kan ƙararrawa, bai kaɗa ba. Har masu tari suka manta da aikinsu. Can ta ɗago, ta dubi mahaifinta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Baba, ba haka ba ne. Kafin ka kama aiki aka daina. Mata goma sha ɗaya suka gaya mini, kowacce a gidanta, maganarsu kuma ta zo ɗaya. Cikin sunayen da suka kira har da Kaka Miriyam. Kana goye a bayanta ta yi dakonta na ƙarshe."

Yafet ya rasa abin yi. An ƙaryata shi a gaban matan zumunta, an kuma ba shi labarin uwarsa wanda bai taɓa ji ba. Fushi zai yi ko godiya? Ya dubi Malam. Malam yana ɗaura agogonsa.

Malam Bato, kai ne ba ka taɓa zama dokta ba, amma daktoci nawa suka fara koyon magana a gaban ƙararrawarka? Kai ne ka gane cewa ladabin da muke koya wa 'ya'yanmu yana bin su har inda ake bukatar muryarsu. Ba ka rushe mana tarbiyya ba. Har yau Selina durƙusawa take ta gai da ubanta, sai dai in ya yi kuskuren shekara takan gyara masa.

Mun gode, Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi. Ku malaman da ke tasowa, teburin nan yana nan, matan zumunta ma suna nan. Kada ƙararrawar ta kwana a jaka.

Yafet ya bi 'yarsa Jos, ya zauna a kujerar baya. Turancin ya fi ƙarfinsa, kuma har gobe in ka tambaye shi amfanin taron, zai ce a tambayi Malam. Ya dai ga wani dattijo mai furfura ya tashi ya yi tambaya da kakkausar murya, ya ga Selina ba ta sunkuya ba. A cikin amsarta kalma ɗaya ya kama. Miriyam. Matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, ga masana cike da ɗaki sun duƙa suna rubuta sunanta.