Ruwan da Na Juye a Butar Alwala

A shekarun da masaƙun Kakuri ke busa jiniya safe da yamma, ina zaune gidan ɗana a unguwar Nasarawa, tsohuwa ce ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Jikata ta fari tana sakandare, tana karatun da suke kira kemistiri. An koya musu haɗa sabulu, ta ce za ta gwada a gida. Ta jiƙa sodar sabulu mai cin fata a wata kwalba mai faɗin baki, ta manna takarda ta yi rubutu da jan biro, ta ɗora can saman kabad, ta ce kada kowa ya taɓa. Da kunnena na ji, amma na ɗauka iyayin 'yan makaranta ne.

Ranar nan kwana uku famfo bai kawo ruwa ba. Ina neman abin zuba man gyaɗa, idona ya faɗa kan kwalbar. Na duba, ruwa garau, ba launi. Na ce a wannan wahala ba a zubar da ruwa mai kyau haka, na juye shi a butar alwala.

Da azahar jikar tawa ta dawo, ta tsokane ni wai na cinye mata ɗumame, ta ɗauki butar. Ta zuba a hannu, ta kamfata za ta kai baki, sai ta tsaya cak, ta ce ruwan yana santsi. Ta dubi saman kabad, ta dube ni. Hannun nata ya fara ƙuna. Na rarumo manja zan shafa mata, ta ture hannuna tana kuka, ta ce ruwa kawai, haka malaminsu ya koya musu. Randarmu ta ƙare, maƙwabciyarmu 'yar Binuwai ta kinkimo bokitinta biyu da take tattali, muna ta kwarara har aka samo tasi. A asibiti likita ya ce da ta kuskure baki ko ta wanke fuska, da wani zancen ake yi.

Har yau ba na juye abin da ban sani ba a wani mazubi. Tsofaffi 'yan uwana, in yaro ya rubuta abu ya ce kada a taɓa, rashin iya karatunku ba ya goge rubutun, ku tambaya. Ni nake faɗa, jikar tawa take rubuta muku wannan, da hannun nan mai tabo.