Wurin Inna a Bayan Jif

Shekarar da aka kawo Shari'a ina tuƙa wa wani Alhaji mota a Ƙaura. Dillalin hatsi ne, rumbunansa na kusa da tashar jirgin ƙasa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Tuƙi na iya, da kwance inji da ɗaure shi, kuma da su na ci abinci.

Inna tana hannuna tun rasuwar mahaifinmu. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da yayarta da muke kira Inna Babba, wadda aure ya kai wani ƙauye can bayan Gurbin Bore, cikin dajin Zurmi. Da damina ta yi nisa, wasu Fulani da suka kawo shanu Kasuwar Daji suka zo da saƙo cewa Inna Babba tana kwance, ƙafafu sun kumbura, kuma tana ta kiran ƙanwarta.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta daina cin tuwon dare kawai.

Hanyar ƙauyen nan ba ta biyuwa da damina. Akwai gulbi, akwai laka mai riƙe mota har ƙirji. Babbar mota ba ta zuwa sai kaka. Ko da na ari babur na ɗauke ta da kaina, bayanta ba zai jure ba. Kullum in na dawo aiki takan dube ni, ni kuma in dubi ƙasa.

Ana haka sai mahaifin wani babban dillalin shanu ya rasu a wannan ƙauyen. 'Yan kasuwar Ƙaura suka ce za su tafi ta'aziyya a ayari, mota uku masu shiga daji. Alhaji yana da wata tsohuwar jif a bayan gida, an ɗora ta kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. Ya kira ni.

"Direba, wagga za ta tashi?"

"Za ta tashi, Alhaji. Amma ina da roƙo."

"Faɗi."

"In ta tashi, a ba Inna wuri. Yayarta na can kwance."

"Wannan har roƙo ne? Tsohuwa ai tamu ce duka. Sai dai ka san yanzu ba a gwama maza da mata a mota. Ka yi musu wurinsu daban."

Na ce to. Ban ƙi dokar ba. Ranar da aka kawo ta ni ma na yi kabbara har muryata ta dushe.

Na tura jif ɗin zuwa garejin wani abokina mai walda. Da ya gan ta sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zagaya ta.

"Wagga gawa ka kawo mini? Liman za ka kai wa, ba ni ba."

"Rufe mini baki ka kawo jak."

"Ko kajin ma sun ga ba ta da amfani sai ƙwai. Ka tabbata ba ka baro wata a cikin inji ba?"

Muka fara daga ƙasa. Sifirin na baya ya karye, muka je wurin wata matacciyar roka, babbar motar ɗaukar kaya, muka ciro nata, muka yanka daidai. Boris na ƙafar gaba ya cinye, na canza. Giyar taimako, wadda ke sa ƙafa huɗu su ja tare, ta maƙale don tsatsa. Na sauke ta, na wanke da kananzir haƙori bayan haƙori, na cika ta da sabon mai. Lagireto, ma'ajin ruwan sanyaya inji, na yoyo, aka liƙe da dalma. Tankin mai yana da ɗan tsagu a gindi, na murza sabulu na toshe kafin a samu walda. Tayoyin duk sun sha rana, na zaɓi masu dama a wurin mai faci, na sa musu sabon tib.

Saboda gulbi na ɗaga bututun shan iska da tiyo har saman gilashi, na naɗe wayoyin wuta da robar tib, na shafe su da giris. Na ɗaura katako biyu a rufi, da shebur, da gatari, da igiya mai kauri. Hannuwana suka tsattsage, baƙin mai ya shiga ciki, ko alwala na yi sai ya yi zafi.

Sai wurin mata. Muka raba bayan motar biyu da firam na ƙarfe, muka ja tampol a kai, aka yi walda ta kama. Wurin mutum uku ne, in an matsa huɗu. Na yanko soso daga tsohuwar katifata na ninka a gefen da girgiza ba ta da yawa. Na sa mai walda ya yi matakala a ƙofar baya, don Inna ba ta iya ɗaga ƙafa sosai.

"Ka ga gata," in ji shi. "Ni uwata a kan jaki ta je Shinkafi."

"Shi ya sa ka fito da kan jaki."

Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya cika garejin, mai walda ya yi ta tari yana zagina yana dariya. Na kai motar bakin rafi na gwada ta a yashi da ruwa. Ta shiga ta fita. Na dawo gida na ce wa Inna ta shirya. Daren nan ta ci tuwo.

Ranar tafiya tun bayan asuba ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take ajiye wa salla. Ta ƙulle daddawa da goro da sabulu da man zafi a tsumma. Wasu mata biyu 'yan asalin can su ma suka samu wuri. Na kai su tasha, na riƙe hannun Inna ta taka matakalar ta zauna kan soson. Ta shafa shi da tafin hannu.

Mota ta uku ce ta ƙi tashi. Mai ita bai taɓa ta ba sai a safiyar, ya zuba mai ya ɗauka shi ke nan. Aka tura, aka tura, ta yi shiru. Mutanenta suka sauko da manyan riguna suna tsaye. A cikinsu akwai wani da ke shiga ofisoshin Gusau tun da aka ba mu jiha, ta hannunsa ake samun kwangilar hatsi. Na ga Alhaji ya dube shi, sannan ya dubi bayan jif ɗina. Tun kafin ya buɗe baki na san abin da zai faɗa.

"Direba, a sauke matan nan. Manya za su shiga."

"Alhaji, ka yi mini alkawari."

"Na yi. To ya za a yi? Ba a gwama maza da mata, kai ma ka sani. Ko so kake a ce motata ce ta fara karya doka?"

"A bar musu wurinsu. Waɗanda motarsu ta mutu su jira a gyara."

"Su jira? Ka san ko su wa kake magana a kai?"

Akwai wani daga cikin masu sa ido kan bin dokar Shari'a a tasha, mutum mai ɗan gemu, yana jin mu. Ya matso ya yi sallama.

"Alhaji, matan nan suna cikin shamakinsu, ba su karya komai ba. Kuma su suka riga shiga. Dubiyar mara lafiya za su."

"Malam, kai ka saya mini motar?"

Mutumin ya ja baya. Motar ba tasa ba ce. Ba tawa ba ce ni ma.

Na cire makulli na riƙe a hannu. Na yi niyyar jefa masa shi a ƙirji in kama hannun Inna mu tafi gida. Ina da mata da 'ya'ya, kuma a Ƙaura in ka ɓata da dillali ɗaya ka ɓata da sauran. Duk da haka na yi niyyar. Sai na ji motsi a baya. Inna ce take saukowa da kanta, tana laluben matakalar da ƙafa. Sauran matan suka biyo ta.

Ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Ta miƙo mini ƙullin.

"Kai, ungo. Ka kai mata. Kada ka tsaya musu da mai gidanka gaban mutane."

"Inna."

"Na ce ka tahi. Mi kake jira?"

Maza huɗu suka hau ta matakalar. Mai kwangilar ya zauna kan soson, ya ce kai, Alhaji, ashe motarka har da kujerar sarauta. Suka yi dariya. Na tayar da mota. A madubi na ga Inna tsaye a bakin tasha da zanen sallarta, har muka karya kwana.

Motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Na so ta lalace. Na so sifirin ya karye a tsakiyar daji su kwana da sauro. Ta ratsa laka, ta haye gulbi ruwa na dukan ƙofa, har ɗaya motar ma ita ta jawo da ta kafe. Suna ta yaba wa Alhaji, shi kuma yana cewa ai tsohuwar mota sai mai haƙuri. A haka muka isa.

Da suka zauna zaman ta'aziyya na yi addu'a tare da su, sannan na zame na nufi gidan Inna Babba. Tana kwance kan tabarma a ɗaki mai duhu. Ta rame har na kusa rashin gane ta, ƙafafun kuwa kamar turmi. Ta ji muryata ta yunƙura, tana leƙen bayana.

"Ina take? Tana waje?"

"Ba ta samu zuwa ba, Inna."

"An ce mota ta zo daga Ƙaura. Har biyu."

"Sun cika."

Ta koma ta kwanta. Na kwance ƙullin na nuna mata kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki daddawar ta shinshina, ta ce wannan hannun ƙanwarta ne, har yanzu tana cika gishiri. Ta riƙe ta a ƙirji. Na zauna wurinta har aka aiko direba ya zo.

Washegari da la'asar muka shigo Ƙaura. Na ajiye su, na miƙa wa Alhaji makulli. Ya ce Allah shi yi albarka, in tsohuwa na so a kai ta da kaka. Na ce amin.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta ɗago ba.

"Kun dawo lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ta rame?"

"Ta rame."

"Ta tambaye ni?"

"Ta tambaya."

"Mi ka ce mata?"

"Na ce mota ta cika."

Ta ci gaba da tsince waken a faifai.

"To, ba ka yi ƙarya ba."

Gero bai kai ga yanka ba Fulanin nan suka sake zuwa kasuwa. A bakin rumbun Alhaji suka same ni ina loda buhuna, suka ce in yi haƙuri, an binne Inna Babba tun ranar Juma'a. Na gama lodin, don ba a barin mota rabi. Sannan na wanke hannu na tafi gida in faɗa wa Inna.