Lallen Iya a Ƙarƙashin Mangwaro

Ranar wata Laraba a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, motar Gwaram ta sauke Iya, mahaifiyar Baba, a ƙofar gidanmu a Birnin Kudu. Kayanta ƙulli biyu ne kawai, sai wani tsohon bokiti da ta rungume, da ɗan itacen lalle a ciki, an naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙen buhu. Kakanmu ya rasu, ruwa ya rushe ɗakinta na Kwandiko, Baba ya ce ta dawo wurinmu. Daga uwar wannan lallen aka yi wa duk amaren danginmu ƙunshi, ga shi an sa bikin Yaya Hauwa bayan girbin baɗi. Iya ta ƙudurta da ganyensa za a yi mata.

Tsakar gidanmu ba ta da sarari: nan turmi, nan murhu, nan turken awaki, nan wajen shanya. Abin da ya rage sai bayan ɗaki, ƙarƙashin mangwaro, inda rana ba ta leƙowa sai la'asar. Nan ta dasa shi, muka kewaye da ƙaya. Ta fi kowa sanin lalle ɗan rana ne, amma ta ce ko ba komai a nema masa maƙwabta, wai "itace ma kaɗaici na kashe shi."

Neman maƙwabtan nan ya zama aikinmu ni da ita. Ina dawowa daga makaranta sai in bar ƙawayena suna carafke a zaure, in ɗauki ɗan tuluna in zagaya bayan ɗaki. Barkono muka fara sawa, ya yi tsawo siriri kamar mai jinya, ya zube. Yakuwa ta ɗashe. Kabewa kuwa Iya ta ce kada in kuskura, mai haɗama ce, in ka ba ta wurin zama sai ta hau kanka. Maman Ladi ce ta cece mu, maƙwabciyarmu mai ɗinki, 'yar kudancin Kaduna. Wata Lahadi da ta taso daga coci ta kawo gwaza da citta da na'ana'a, ta ce a garinsu waɗannan inuwa suke so. Daga nan su biyun suka riƙa shimfiɗa tabarma a wurin, kowacce na yabon garinsu, Iya tana tsokanarta wai Hausarta ta fi ɗanyen gwaza ƙaiƙayi.

Maƙwabtan lallen suka yi kyau shar. Lallen kuwa ganyensa ƙanana, koɗaɗɗu, kullum kamar yana neman faɗuwa. Wata safiya Baba ya fito da gatari zai sare babban reshen mangwaron, Iya ta riƙe ƙotar.

"Ajiye, Sale. Baƙo ba ya sare inuwar masu gida."

"Iya, ai gidanki ne."

Murmushi kawai ta yi, ba ta saki ƙotar ba sai da ya haƙura. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ranar na gane ko a gidan ɗanta kallon baƙuwa take yi wa kanta.

Da biki ya zo, ganyen da muka tsinka muka shanya aka daka bai cika tafin hannu ba. Dole aka sayo na kasuwa. Iya ta kwaɓa nata a murfin kwano, ta kama hannun Yaya Hauwa, ta ƙunsa mata ƙaramin yatsa guda. Ta ce, "Yi haƙuri, Hauwa'u, iyakar abin da na samu ke nan." Yaya ta kifa kai a cinyarta ta yi ta kuka. Lallen ya bushe a bazarar nan, Iya ma ba ta ga ruwan farko ba.

Bara aka yi bikin 'yata. Mai zane ta zo da lallenta a leda, kafin a sauke tuwo ta cika mata hannu da furanni har gwiwar hannu, mata suna ta yabawa. Ya yi kyau, ban musa ba. Ni dai ƙaramin yatsanta na yi ta kallo.