Dakta Liyatu Tizhe da Ɗakin Ranar Alhamis

Kowace Alhamis da ƙarfe bakwai na safe, Dakta Liyatu Tizhe takan sauka daga keke a bakin wani ƙaramin asibiti da ke Yelwa, cikin garin Mubi, ta buɗe ɗakin da ke can ƙarshen baranda. Kujeru shida ne a ciki, sai allo, sai wata tsohuwar fartanya a jingine. Da can kujerun ba sa isar ɗalibai. Yanzu ita kaɗai ke goge su kafin marasa lafiya su iso.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana koya wa matasan likitoci yadda ake bincike a kan amosanin gaɓɓai, ciwon nan mai kumbura gwiwa, ya murɗe yatsu, ya hana manomi sunkuyawa.

Har yau ana tsokanar wani ɗalibinta, Ephraim. Ta aike shi Betso da takardun tambayoyi, ya dawo baki har kunne: mutum arba'in, kowa ya ce da sauƙi. Gogan naka har ya rubuta cewa ciwon bai yi yawa a yankin ba.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ephraim, kai ɗan ina ne?"

"Michika, Mama."

"Kakarka ta taɓa gaya wa baƙo cewa tana jin zafi?"

Ya sunkuyar da kai.

"To, koma. Kar ka tambaye su komai. Miƙa musu fartanyar nan, ka kalli hannu."

Cikin arba'in ɗin, goma sha bakwai suka kasa damƙe ƙota. Tun daga ranar, ba ɗalibin da take bari ya taɓa biro sai ya iya lura da yadda tsohuwa ke ɗaura zane, da yadda dattijo ke tashi daga kan tabarma.

Ke ce, Mama, mai gyara rahoto da jan biro har takarda ta koma kamar an yanka kaza a kai. Ke ce kuma, ranar da mayaƙa suka shigo Mubi a 2014, kika bar akwatin tufafinki, kika ɗora littattafan bayanan marasa lafiya a ka, kika bi ta duwatsu da gwiwar da ita ma ciwon bai ƙyale ba. Waɗanda kuka gudu tare sun gani.

Gari ya lafa, ta dawo, ɗalibai ba su dawo ba. Da hannunta ta rubuta musu takardun shaida, su goma sha ɗaya: wani Yola, wata Jos, Ephraim har ƙasar waje. Ba ta roƙi kowa ya tsaya ba. Sukan kira ta lokacin Kirsimeti. Tana alfahari da su, tana kuma kewarsu ƙwarai, ko da yake ba za ta taɓa faɗa musu ba.

Ƙarshen Disambar nan, 2017, za ta yi ritaya. Sau biyu aka yi cigiyar wanda zai karɓi ɗakin, ba wanda ya nema. In aka wuce haka, rufe shi za a yi.

Mun gode, Mama, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuwa da kuka zauna a gabanta, ba yabo take jira daga gare ku ba. Mutum ɗaya ake nema.

Makon jiya wani makiyayi daga Sorau, Malam Bakari, ya zo a duba masa gwiwa. Da aka gama, ya dogara sanda ya miƙe da ƙyar.

"Useko, na gode, Dakta. An ce za ki huta. To, wata mai zuwa wa zan samu a nan?"

Matar da ta shekara ashirin da biyu tana koya wa mutane yin tambaya ta jawo katinsa, ta rubuta masa ranar Alhamis ta farko a watan Janairu.